Ba a Tofar da Giya a Gidanmu

A gidanmu ba a tofar da giya. Masu ɗanɗana ruwan inabi su ne ke kurkure baki su tofar a bokiti, kuma mahaifinmu, Baba Orville, bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya ce aikin 'yan gayu ne masu tsoron abin da suka dafa da hannunsu. Mu da dafa giya ce sana'armu, idan sabuwar giya ta nuna, ana shiga ɗakin sanyi, a zuba wa kowa, a haɗiye, kuma babu mai cewa uffan sai ta wuce maƙogwaro.

Ba taurin kai ne kawai ba, akwai dalili. Giyar alkama mai tsami tana da wata cuta da muke kira ɓera. Hanci ba ya jin ta, ido ba ya ganin ta. Sai ka haɗiye, ka ja numfashi, sannan wani ɗanɗano ya taso maka daga can ciki kamar ka lashi tsohon rumbun da ɓeraye suka yi gida. Kuma ba kowane baki ke kama shi ba. Ni dai, Marlys, ko da ɓeran na rawa a kan harshena ba zan sani ba, haka aka halicce ni. Baba ya iya a da, amma shekaru da lofe sun kashe masa harshe, ko da yake gara ka zage shi da ka faɗa masa haka. Saura mutum ɗaya tak a gidan, ƙanena Wendell.

Shi kuwa Wendell ya daina sha tun lokacin kaka, kuma ni kaɗai na sani a cikin dangi. Matarsa Charlene ce ta haɗa kayan yara ta jera a bakin ƙofa, ta ce masa kurɓi ɗaya in ya ƙara, ita da yaran sun tafi gidan iyayenta a garin Duluth, kuma ba tafiyar a je a dawo ba. Na san Charlene, ba ta yin barazana. Na kuma san ƙanena, ba shi da kurɓi ɗaya. Idan ya fara sai ya ga gindin tanki. Ya kama hannuna a cikin motata ya sa na rantse ba zan gaya wa Baba ba, ni kuma sakarya na rantse.

Za a ce me ya hana shi faɗa da bakinsa? Wanda ya yi wannan tambayar bai san Baba ba. Lokacin da ƙaninsa Cyril ya tuba da sha, Baba ya ce mai gidan giyar da ba ya sha mahauci ne da ba ya cin nama, wa zai sayi tsirensa? Har Baffa Cyril ya mutu bai sake taka ɗakin sanyi ba. Ga shi tun rasuwar Mama, Baba ya ɗora duniyarsa kacokan a kan Wendell. Don haka muka yi ta kewaye-kewaye. Yau mura, gobe maganin haƙori, jibi ya tafi sayen kwalabe. Giyar yau da kullum ba ta buƙatar bakinsa sosai, shi ya sa asirinmu ya rufu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Giyar ceri ce ta kama mu. Da jajayen 'ya'yan itatuwan cerin da Mama ta dasa a bayan tsohon garken shanu aka yi ta, kuma Baba ya sa wa giyar sunan Mama, Lucille. Ran Lahadi za a yi wa Mama addu'ar cika shekara a coci, daga nan kowa ya zarce gidanmu cin miyar kaza ta babbar tukunya, kuma Baba ya rantse da wannan giyar za a sha miyar.

Ran Alhamis da hantsi ya kira mu. Ƙanƙara ta rufe hanya tun safe, iska daga tafki tana kaɗa ƙofar garken, motar share titi kuma ba ta zo ba. Babu kwalaben da za a je saye, babu likitan haƙori. Wendell ya dube ni, na dube shi, muka bi bayan Baba.

Ɗakin sanyi ba shi da taga. Tankuna ne a jere, da ƙwan lantarki guda, da ƙofa mai nauyi wadda Baba ya ja ta rufe da kansa. Ya buɗe famfon tanki ya cika butar gilashi, ya miƙo min.

"Zuba mana, Harshen Katako. Ko ba komai kin iya zubi."

"Na gode da yabo, Baba," na ce.

Na zuba kofi uku. Ba zan yi ƙarya ba, giyar ta yi kyau. Ja ce mai duhu-duhu da ɗan gauraye irin na alkama, kumfarta ruwan hoda, ƙamshinta kuwa sak kicin ɗin Mama a watan tsinkar ceri. Na ɗaga nawa na shanye da sauri. Tsamin ya kama min gefen harshe kamar kindirmo, zaƙin cerin ya biyo baya, har sai da idona ya kawo ruwa.

"Lafiya lau take, Baba! Ba ɓera, ba ɗan ɓera. A rufe tanki mu fita, sanyi zai kashe ni."

"Ji mana. Makaho na ba da labarin bakan gizo." Ya shanye nasa, ya tanɗe baki, ya yi shiru yana saurare kamar mai jiran waya. Na ga fuskarsa, bai ji komai ba, kuma bai yarda da rashin jin ba. Ya juya. "Kai fa, Babban Baki? Kofin nan ado ne?"

Wendell ya kai kofin hanci ya shaƙa.

"Ƙamshin ya fita sosai, Baba. Cerin ya zauna, alkamar ma ba ta ɓuya ba. Ni a wurina ta yi."

"Ni za ka yi wa wayo? Tun kana fitsarin kwance na koya maka ɓera ba ya zama a hanci."

Wendell ya tsoma yatsa, ya goga a bayan hannunsa, ya jira ya bushe, ya shinshina. Dabara ce da wasu ke yi, wani lokaci tana nuna shi.

"Ka gani? Ba komai."

"Ran Lahadi mutane da bayan hannu za su sha ta? Wai me ke damunka ne, yaro?"

"Cikina ne tun jiya."

"Cikinka! Wannan ciki naka ya fi na mai juna biyu laulayi. Wata nawa yanzu? An kusa suna?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Ni kam haushi ne ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan fi jin haushi, tsohon ko yaron ko ni da na ɗaure bakina da kaina.

"Baba, a bar ta a tanki mana," na ce. "Kai ka ce ko da ɓera, in an ba ta lokaci yana fita da kansa. Mu sha ta da bazara. Ran Lahadi a kawo farar giya, wa zai damu?"

"Ni zan damu."

Ya ajiye kofinsa a kan tanki. Dariyar ta ɗauke gaba ɗaya.

"Itatuwan nan sun tsufa, Marlys. Sanyin bana ya tsaga rabinsu, ke ma kin gani. Wannan ne cerin ƙarshe da suka yi fure tana raye. Ba zan tara mutanen da suka ɗauki gawarta in ba su abin da zai bar musu ɓera a baki da sunanta ba. Kuma ba zan ɓoye ta a tanki kamar abin kunya ba." Ya dubi Wendell, muryarsa ta sauka. "Harshena ya mutu, ɗana. Na sani. Kada ka sa in sake faɗa. Kai kaɗai ka rage min."

Ban taɓa jin Baba ya amsa wannan ba, ko a mafarki. Da zagi ya ci gaba da yi, da Wendell ya iya jurewa, don ya saba. Wannan ne ba shi da maganinsa. Gaba kura, baya sayaki: can gida Charlene da yara, nan kuma tsoho da ya ajiye girman kansa a ƙasa yana jira.

"Yaya," in ji Wendell a hankali, bai kalle ni ba, "ƙarfe nawa?"

Na san ba lokaci yake tambaya ba, so yake in yi wani abu. To me zan yi? In ture kofin, tanki cike yake. In ce ya kurkure ya tofar, Baba zai tambayi dalili, kuma dalilin ne aka hana ni faɗa. Na tsaya riƙe da buta ina ta lissafin wanda zan ci amanarsa, kuma tsoro nake ji, tsoron fuskar da Baba zai yi.

Ina cikin wannan lissafin ne Wendell ya rufe ido ya ɗaga kofin. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Muka jira, kamar yadda aka saba. Injin sanyi kaɗai ke gurnani. Wendell ya saki numfashi ta hanci, ya sake ja, ya saki. Kafaɗunsa, da suka yi watanni a ɗage, suka sauka a hankali, kuma wannan ne ya fi komai tayar min da hankali.

"Tsab take," ya ce. "Babu ɓera, Baba. Ba mu taɓa yin irinta ba."

Baba ya buga tafi ɗaya, ya rungumo kan Wendell yana jijjiga shi. "Na faɗa! Lucille ba ta taɓa barin ɓera a ɗakinta ba, balle a giyarta!" Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Rabon da in ga ya yi irin wannan dariyar tun kafin jana'izar Mama.

Wendell ya zame daga hannunsa, ya miƙo min kofin.

"Ƙaro min kaɗan, Yaya, in tabbatar."

"Ai ka tabbatar."

"Wani lokaci sai a kurɓi na biyu yake fitowa."

"Gaskiyarsa," in ji Baba yana share ido. "Zuba masa mana, ke kuma. Rowar me kike yi? Cika masa, yau ranarsa ce."

A nan ne bakina ya buɗe, bayan aikin gama ya gama.

"Baba, Wendell ya daina sha. Tun kaka. Charlene ta ce in ya ƙara za ta tafi da yara."

Baba ya tsaya da hannu a fuska. Ya dubi kofin da babu komai a ciki sai zoben kumfa, ya dubi ɗansa, ya sake duban kofin. A gabana mutumin ya ƙanƙance.

"Me ya sa ba ku..." ya fara, ya kasa ƙarasawa.

Wendell bai yi fushi ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Murmushi ya yi min, ya sa hannu ya ɓamɓare yatsuna daga jikin butar ɗaya bayan ɗaya.

"Kin makara, Yaya," ya ce. "Kawo."