Dokar Malam Dalhatu

Duk wanda ya san Samaru ya san shagon Malam Dalhatu, ɗan ƙuƙut a layin masu fotokofi, inda ɗalibai ke buga takardunsu suna tsegumin malamai. Amma ba fotokofi ce ta kai sunansa har Basawa da Jushi ba, maganar jini ce.

Shekara tara ke nan da ƙanwarsa ta rasu wajen haihuwa saboda an rasa leda biyu ta jini. Bayan sadakar arba'in ya buɗe ɗan shafi a intanet, ya sa masa suna Jinin Zumunci. In aka kwantar da wani yana buƙatar jini, Dalhatu zai hau tsohon babur ɗinsa ya je asibitin, ya ga mara lafiyan da idonsa, ya ji daga bakin nas, sannan ya sa sanarwa a shafin. Sai ya ɗauki linkin sanarwar, shuɗin rubutun nan da ake dannawa ya kai mutum shafin, ya watsa a Tattara, manhajar da kowa ke hira a kanta, tun daga farfesa har mai shayi. Kafin awa guda sai ka ga sojoji daga bariki da 'yan kasuwar Sabon Gari sun yi layi suna naɗe hannun riga.

Da abu ya karɓu, sai ɓata-gari suka shigo. Su samo hoton wani mara lafiya, su rubuta “daga Malam Dalhatu”, su sa lambarsu. Wani bawan Allah ya taso ba da jini, aka ja shi lungu aka raba shi da babur. A ranar ne Dalhatu ya kafa dokarsa: “Saƙon da ba linki ba nawa ba ne. Ko muryata ka ji, ko hotona ka gani, kar ka motsa, kar ka tura wa kowa, ka kai ƙara.” Ya buga ta a sitika ya manna wa Keke Napep, ya faɗe ta a masallaci bayan sallar Juma'a. Mutum ne mai naci kamar ciwon haƙori, har sai da yara suka haddace ta.

Wadda ta kai shi ya faɗe ta a coci ita ce Malama Martina, malamar firamare a Sabon Gari, wadda ke gyara masa rubutu tana masa tsiya wai Hausarsa ta fi ƙarfin waƙafi. Jininta O nigetif ne, irin wanda ba kasafai ake samu ba, kuma sau goma sha huɗu tana bayarwa. Ko an kira ta tana cikin aji, sai ta ajiye alli ta tari abin hawa.

Bara ne Dalhatu ya tsokano masu Tattara. Ya lura 'yan damfarar nan talla suke biya, manhajar kuma tana ɗora ƙaryarsu a sama. Ga shi kamfanin ya fito da nasa wurin neman agaji, yana so kowa ya koma can. Dalhatu ya tattara hotuna da ranaku, ya rubuta komai a shafinsa, bai rage ko ɗaya ba. Wata jaridar Legas ta ɗauka. Mako guda yana tafiya kamar an naɗa shi hakimi.

Martina ce kawai ba ta taya shi murna ba. “Gaskiya ka faɗa, Malam,” in ji ta, “amma fa a zauren mutanen nan muke shimfiɗa tabarmarmu. In suka ce mu tashi, ina za mu?”

“Su da ke can ƙasar waje, ina suka san da wani Dalhatu?” ya ce yana dariya.

Ashe sun sani. Ba su kore shi ba, ba su ce masa uffan ba. Kawai sai ya ga sanarwar da a da take tara mutum ashirin ta koma tara biyu. Da fari ya ɗauka zukata ne suka bushe, har ya yi wa jama'a faɗa a rubuce. Tunde mai gyaran waya, maƙwabcin shagonsa, haifaffen Sabon Gari, shi ya ajiye wayoyi biyu a kan teburi ya nuna masa. Linkin labarin ƙwallo, da dannawa ya buɗe. Linkin Jinin Zumunci kuwa sai ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, can sai jan rubutu ya fito wai shafin na iya zama haɗari.

“Ba wannan kaɗai ba, Baba,” in ji Tunde. “Mutum dubu arba'in ke bin ka. Saƙonka na jiya, goma sha ɗaya aka nuna wa. Duk abin da ke ɗauke da linkinka, binne shi suke yi, har a cikin guruf.”

Dalhatu ya rubuta musu sau bakwai. Amsa iri ɗaya ke dawowa da Turanci, wai sun gode, suna dubawa. Ba su da ofis a Zariya, ba su da shi a Kaduna, balle ka je ka kama rigar wani. Tunde ya ba shi shawara ya janye dokar, ya riƙa sa sanarwa tsirara ba linki. Dalhatu ya ƙi. Yana janyewa 'yan damfara za su dawo, kuma a ganinsa janyewar durƙusa wa kamfanin ce. Ya ce a ba shi wata guda ya nemi wata hanya.

Bai samu watan ba. Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara, Sati ne, mijin Martina. Wata tifa ta kwashe keken da ta hau a Kwangila. Likita ya ce jini na zuba a cikinta, sai an shiga tiyata, kuma leda uku ake so, irin nata babu a ajiye.

Dalhatu bai rufe shago ba ya hau babur. Ya same ta a kan gado, leɓɓanta sun yi fari fat. Ta gane shi, ta ɗan motsa baki. “Ka sa waƙafi,” ta ce, ko a nan ba ta bar tsiyar ba.

Ya tsaya a baranda ya buɗe littafinsa na masu ba da jini. Masu O nigetif shida ne a ciki, ta farko ita ce ke kwance. Ɗaya na bautar ƙasa a Ibadan, ɗaya na da tsohon ciki, layin biyu a kashe. Na shidan, wani kofur, ya zo da gudu ya ba da leda ɗaya. Saura biyu. Jami'a na hutu, ɗalibai sun watse. Ya kira gidan rediyo, aka ce filin sanarwa sai biyar na yamma.

Ya sa sanarwa a shafi, ya watsa linki a Tattara kamar kullum, yana addu'a ko yau za su ji tausayi. Minti arba'in, mutum tara suka gani. Sati na tsaye kusa da shi yana leƙen wayar.

“Malam, suna zuwa?”

“Suna zuwa, in sha Allahu.” Ƙarya ya yi.

Sai ya karya dokarsa. Ya rubuta saƙo ba linki: sunanta, asibitin, irin jinin, lambarsa da ta Sati. Ya ɗauki bidiyon kansa a barandar, gumi na zuba, yana cewa, “Ni ne Dalhatu, wallahi ni ne. Sun toshe linkin ne. Ku zo don Allah.”

Wannan kam Tattara ta bar shi ya tafi. Cikin rabin awa mutum dubu shida suka gani. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, har sai da ya fara karanta abin da ake rubutawa a ƙasa.

“Ina linki?”

“An sace wa Malam shafi, jama'a a yi hattara.”

“Yanzu har fuska da murya ake haɗawa da kwamfuta. Allah ya isa.”

“Kar wanda ya je. Ku kai ƙara, haka ya koya mana.”

Ba maƙiyansa ba ne. Mutanensa ne, masu ƙaunarsa, suna kare shi da duk ƙarfinsu. Ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya yana amsawa, suna ce masa ɓarawo. 'Yan kaɗan da suka kira suka ji shi ne sun zo, amma jininsu bai dace ba. Kafin azahar ƙararrakin sun taru. Kamfanin da ya yi wata uku bai karanta wasiƙarsa ba, cikin awa biyu ya rufe masa shafinsa na Tattara, wai yana sojan gona da sunan Malam Dalhatu.

Ya bar wayar ya hau babur. Ya shiga kasuwar Sabon Gari layi-layi yana tambaya wa ya san irin jininsa. Yawanci ba su sani ba. Ya kwaso mutum huɗu a keke aka gwada, ba ko ɗaya. Yana hanyar Basawa, la'asar ta kawo jiki, Sati ya kira. Kuka kawai yake, Dalhatu ya gangara gefen titi ya kashe babur.

Ranar Asabar aka binne ta. Dalhatu ya zauna a bayan rumfa a ƙofar gidan Sati, bai iya cin abincin da aka miƙo masa ba. Ana cikin karɓar gaisuwa wani ƙaƙƙarfan mutum ya zo ya durƙusa a gabansa. Ikechukwu ne, mai sayar da kayan gyaran mota, 'ya'yansa biyu sun bi ta ajin Martina.

“Malam, sannu da haƙuri,” ya ce da Hausarsa ta 'yan Sabon Gari. “Ni O nigetif ne. Watan jiya na sani, ban samu na zo ka rubuta ni ba. Shagona zuwa asibitin nan ko minti goma babu.”

Dalhatu ya ɗago. “Ba ka ga saƙon ba?”

“Na gani. Tun sha ɗaya na gani, har na ɗauki makullin mota.” Ya sunkuyar da kai. “Sai na duba, ba linki. Sitikarka na manne a ƙofar shagona, Malam. Na ajiye makullin. Ni ma na kai ƙara.”

Dalhatu ya so ya ce masa ba laifinsa ba ne. Da laifin na Dalhatu ne shi kaɗai, da ya san inda zai kai tubansa. Waɗanda suka binne linkin kuwa ba su san an yi wata Martina a duniya ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Baƙin cikin wannan ya fi komai cin ransa.

Da safiyar Litinin ya zo shago da reza a aljihu. Ya tsaya a ƙofa yana kankare sitikar, ta kama ƙarfen gam, sai ɓalli-ɓalli take fita. Tunde ya fito da waya a hannu.

“Baba, sun buɗe maka shafin. Sun ce kuskure ne, suna ba da haƙuri.”

“Linkin fa?”

Tunde ya danna, suka tsaya suna kallo. Yana nan yana juyawa. Wani keke ya wuce ta gabansu da sitikar a bayansa, wani ya biyo shi da ita. Sitika dubu biyar ya buga a lokacin, Dalhatu ya tuna. Ya juya ya ci gaba da kankarar ta ƙofarsa.