Juma'ar da Aka Zo Karɓar Karatu

Daren jiya na yi wani mafarki da ya kai ni wurin aiki, kamar dai kwana biyar ɗin da nake yi a can duk mako ba su ishe ni ba. Sunana Hansatu, ni ce malamar aji biyu a firamaren unguwarmu, shekarata goma sha ɗaya da alli a hannu. A mafarkin ma aji biyu aka ba ni. Sai dai makarantar a kan wata ƙatuwar kuka take, kowane reshe aji guda, da tsani ake hawa. Ban yi mamaki ba. Na gyara ɗaurin zanena na hau.

Na tarar da yarana arba'in da uku zaune a ƙasa, don bencinan sun fita shan iska. Na tambayi monita, wata doguwar yarinya mai suna Tasalla, yau wace rana ce.

"Laraba ce, Malama," in ji ta. "Babur ɗin Litinin ya yi faci a hanya. Ta aiko a ce a fara, za ta same mu."

Laraba ranar kimiyya ce, sai muka yi kimiyya. Kowane yaro ya cika gwangwanin madara da ƙasa ya binne wake ɗaya. A mafarkin, ruwan sama daga ƙasa yake tasowa ya nufi gajimare, don haka muka miƙa gwangwanayen ta taga a kife, suka sha. Nan take waken ya tsiro. Na nuna musu saiwa, na nuna musu kara da ganye, suna faɗa ina faɗa. Waken Tasalla ya ce shi ma a ƙara maimaita masa, bai ji da kyau ba. Muka maimaita.

Litinin ta iso da hantsi tana haki, duk ta yi gumi. Muka fito da murafun kwalba muka shiga lissafi. Uku a nan, huɗu a can, a haɗa. Da yaran suka gano amsar da kansu, bakwai ta sauko daga allo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisawa da su, sannan ta koma ta zauna kusa da takwas, duk da dai na lura ba sa ga maciji da juna.

Akwai wata yarinya a ajin, Ɗayyaba. A zahiri ma tana ajina. Bahaguwa ce, ƙarama, ba ta magana sai an matsa mata, kuma wannan ce shekararta ta biyu a aji biyu. An ce ta maimaita ne don ba ta iya rubuta ko sunanta ba. Kullum harafin farko ke kayar da ita. Sai ta zana cikinsa daidai, in ta zo kan ƙugiyar nan ta sama sai ta kasa, ta goge da yawu, ta kifa kai.

Talata da Alhamis a kan babur ɗaya suka zo, sai muka haɗa karatun Hausa da zane. Na durƙusa kusa da Ɗayyaba na ce ta manta da rubutu, ta zana mini kan sandar kakanta. Ta zana. Na ce ta jingina masa ciki. Ta jingina. Ta tsaya tana kallon abin da ta yi. Daga nan ba ta jira ni ba, ta bi sauran haruffan a hankali, harshenta a waje, har ta kai ƙarshe. Ta rungume littafin a ƙirji ta ce, "Malama, ni ce." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta.

Sai ga ni a ofishin Hedimasta.

Hedimastan bunsuru ne mai tabarau, sunansa Malam Barau. Na same shi yana cin rajistar aji huɗu, ya riga ya kai watan Maris. Ya haɗiye ya nuna mini kujera.

"Malama Hansatu, gobe Juma'a. Ina fata kin shirya yaran."

"Da wane shiri, ranka ya daɗe?"

"Na mayar da karatu mana. Ke baƙuwa ce, na manta. Karatu ya yi ƙaranci a ƙasar nan, ba zai ishi kowa ba. Saboda haka duk Juma'a ake zuwa daga Ofishin Tara Karatu a kwashe abin da yara suka koya a makon, a kai ma'ajiya. Ran Litinin sai a fara daga farko."

"To wa ake ba wa abin da aka tara?"

"Ba a ba wa kowa. Tarawa ake yi."

Ya kai ni bakin taga ya nuna mini reshen aji shida. Yaran suna shawagi a iska kamar balan-balan, an ɗaure ƙafar kowanne da igiya a jikin reshe.

"Kin gan su? Shekara shida ba su taɓa riƙe ko harafi ɗaya ba. Ba su da nauyi ko kaɗan. Iyayensu ba sa kawo ƙara, su ma ba sa tambaya. Aji mai daɗin sha'ani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a taɓa mini yara ba."

Ya cire tabarau ya lashe su ya mayar. "Ban ji ba," in ji shi. "Kuma don Allah kada ki maimaita, kunnena ɗaya na gwamnati ne."

Juma'a ta zo da ƙafa, ba ta makara ba. Muna cikin waƙar wanke hannu sai na ji tsani yana motsi. Wani belbela ne ya hawo, fari fat, dogo ya fi ni tsawo, da jakar takardu a rataye. Buhu a fiffike ɗaya, ludayi a ɗaya. Malam Barau yana biye da shi da zarto a baki. Yaran suka bar waƙar. Wasu har sun fara jera layi suna karkata kai, don sun saba: a kunne ake zura ludayin a kwaso. Na hango Ɗayyaba ta cusa littafinta cikin riga ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

Na ce kowa ya koma ya zauna. Na je na tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan.

"Salamu alaikum, Malama," in ji belbelan. "Daga ofis."

"Wa alaikumus salam. Muna darasi."

"Shi muka zo karɓa."

"Ba mu gama da shi ba."

"Yaushe za ku gama?"

"In sun tsufa."

Ya buɗe jaka ya duba wata takarda ya ce babu wannan ranar a jadawalinsa. Ya ce in kauce. Na ce ba zan kauce ba. Ya ce ko na san da wa nake magana? Na ce na sani, da wanda bai taɓa durƙusawa kusa da yaro ya riƙe masa hannu ba. Na ce, "Kwana huɗu muna haɗa uku da huɗu. Shekara biyu yarinyar can tana neman sunanta. Kai da ludayi za ka zo ka kwashe kamar koko?"

Bai yi fushi ba. Ya dai ce, a hankali, "Malama, ni ba ruwana da na wane ne. Buhun nan ba ya komawa ofis wofi."

"To kwashi nawa."

Malam Barau ya saki zarton ya faɗi. "Hansatu, ki yi tunani. Ke fa babba ce, naki ba ya sake tsirowa."

Na karkata kaina.

Ludayin yana da sanyi. Da farko haruffa ne suka fito, suna zuba cikin buhu kamar gero. Sai jadawalin sau na lissafi ya biyo baya, dogo kamar igiyar guga, belbelan yana ja yana naɗewa a gwiwar fiffike. Sunayen koguna suka fita da ɗan ruwansu. Sai jihohi da manyan biranensu, sai duk abin da na kwana ina haddacewa a kwalejin horon malamai. Babu zafi. Sai dai na ji kaina yana yin fayau, dugadugaina suka fara ɗagawa daga ƙasa, sai da na riƙe ƙofa.

Na waiwaya na dubi allo. Ni na cika shi da hannuna da safen nan. Yanzu ba na ganin komai sai tsage-tsage, kamar inda kaji suka yi tono. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na ji hawaye na neman zubowa, na hana su, don yaran suna kallona.

Belbelan ya ɗaure bakin buhu, ya zaro wata takarda.

"Na wannan makon ya wadatar. Sai ki sa hannu a nan cewa Juma'a mai zuwa za ki ba da na yaran ba gardama. In ba ki sa ba, Hedimasta zai sare reshen nan, da ku da ajin."

"Ba ni biro."

Ya yi dariya, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. "Biro kuma? Kawo babban yatsa dai, ga tawada."

"Na ce ka ba ni biro."

Ya ba ni. Na riƙe shi ban san ina ne kai ba. Na juya wajen yaran na ce, "Aji biyu."

"Na'am, Malama!"

"Wa zai nuna mini yadda ake rubuta *na ƙi*?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Tasalla ta zo ta juya mini biron daidai, ta ce harafin farko tsani ne da ya karkace, tsaye biyu da gicciye ɗaya. Na yi. Suka ce ya yi kyau, har wasu suka tafa mini kamar yadda nake sa su tafa wa juna. Na biyun suka faɗa mini baki ɗaya, ƙwai ne da ya jingina da bango. Na yi shi ma, ya fito a karkace, suka ce a bar shi haka, ana ganewa.

A na ukun na tsaya. Na ja sanda, na yi mata ƙafa biyu, amma aka ce saura abu ɗaya a sama. Ƙugiya ce. Na gwada, biron ya zame. Belbelan ya duba agogo. Malam Barau ya ɗauki zarto ya ɗora a gindin reshe.

Sai na ji ɗan hannu mai ɗumi a kan nawa. Ɗayyaba ce, ta hau kan teburina don ta kai. Da hagunta ta riƙe damata.

"Kada ki ji tsoro, Malama," ta ce. "Ki tafi sama, sai ki sunkuyo."

Muka tafi sama, muka sunkuyo. Na ƙarasa harafin ƙarshe ni kaɗai, na ɗiga masa ɗigo da ƙarfi har takardar ta huje. Na miƙa wa belbelan.

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. "Wannan harafin ba ya cikin injin ofis," in ji shi. "Ba za a iya shigar da shi ba."

"Matsalar ofis ce."

Ya fizge takardar zai cusa a jaka, sai ƙugiyar harafin ta kama gefen buhun. Ya ja, ta riƙe. Ya sake ja da ƙarfi, buhun ya yage tun daga wuya har gindi. Duk abin da ke ciki ya watse, ya tashi sama ta tsakanin ganyaye. Ba nawa kaɗai ba, ashe da na wasu makarantu da ya biyo ta kansu. Na ga yaran aji shida suna kamawa da hannu suna cusawa a aljihu. Wani ya cafke kogi guda, nan take ya yi nauyi ya sauko ya zauna daram a kan reshe, ya ɗaga hannu yana neman wanda zai yi wa tambaya. Ni ban samu komai ba sai harafi huɗun da na rubuta. Da su na tsaya, kuma ƙafafuna suka taka ƙasa.

"A sare!" in ji belbelan.

Malam Barau ya dube ni ta saman tabarau. "Ki yafe ni, Malama, umarni ne." Ya fara ja.

Ajin ya soma girgiza. Garin alli yana zubowa daga allo, gwangwanayen wake suna karo da juna a taga. Wata yarinya ta fara kuka. Na buga tebur da tafin hannu.

"Wa ya ce an tashi? Kowa ya buɗe littafinsa. Tasalla, hau allo. Ɗayyaba, matsa mini."

Na zauna a ƙasa a cikinsu, na naɗe ƙafa. Tasalla ta nuna harafin farko da tsinke ta faɗa, muka amsa mu arba'in da uku. Ta nuna na biyu. Zarton yana ƙara ƙarfi, mu ma muna ƙara murya. Reshen ya yi ƙara ya sunkuya, muka karkata gaba ɗaya, ba wanda ya yi shiru. Na ce, "Da ƙarfi, ba sa ji a ofis!" Zarton yana ta gurnani, yana gurnani, har ya cika mini kunne.

Na farka, ashe injin markaɗen maƙwabciyarmu Inna Yalwa ne. Gari ya waye, wata mata tana ɗaga murya a bayan katanga tana cewa tattasai ne, kada a cika masa ruwa. Na daɗe a kwance ina tsoron ɗaga ido. Can na daure na dubi kalandar da ke bango, na karanta sunan wata da na kantin maganin da ya raba ta, har da adireshin. Na sake karantawa da ƙarfi, sai maigidan ya juyo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, ya janye ƙafarsa in sauka, zan makara.