Layin da Najib Ya Goge

Tun da ɗana Najib ya dawo daga Kano da kwamfutarsa, ba ya zaman gida. A gindin ɗorawar bakin gonarmu kaɗai sabis ke kamawa, can yake yini, yana magana shi kaɗai, wani lokacin ya dafe kai. Gonakinmu manne suke da juna, kowa na ganinsa. Har magana ta kai kunnen Alhaji Abdulkabir, wanda ya yi mana alkawarin 'yarsa Raudatu. Ya aiko cewa gobe zai zo ya ga yaron da idonsa.

Na je na same shi. Na ce, "Najib, ana cewa boko ya taɓa ka. Wai me kake yi ne?"

"Baba, ƙwaƙwalwar kwamfuta a yayyanke take ƙanana, kamar gonakin nan. Kowane yanki shafi ake ce masa. Akwai tsarin da ke raba su ga ayyuka, ya karɓe in sun gama. Tsarin ya cika sarƙaƙiya, sai na rage shi, na goge abin da na ga ba shi da amfani. Manyan da ke kula da tsarin suka karɓi gyarana."

"To, alhamdu lillahi."

"Ashe a cikin abin da na goge akwai layin da ke hana a ba aiki biyu shafi ɗaya. Ban gano ko wanne ne ba. Injinan mutane suna ta mutuwa a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, kuma da sunana a kai."

Ban gane duka ba, amma na san abin da ke biyo baya in mutum biyu suka shuka gona ɗaya.

"Gobe dai ka zauna gida, ka sa babbar riga, ka gaida surukinka kamar mutum."

"In ban gyara ba za su cire aikina gaba ɗaya."

"Su wa? Sun san ƙofar gidan ubanka?"

Ya mai da kansa kan kwamfutarsa.

Washegari Alhaji ya iso, yaro ba ya gida. Dole na raka Alhaji gona. Muka tarar da Najib yana dukan ƙasa da tafin hannu, yana ƙyalƙyala dariya. "Ɗan banza! Ashe nan ka ɓuya!" Ko sallamarmu bai ji ba.

Alhaji ya ce, "Da wa yake?"

"Da aikinsa ne, Alhaji."

Ya daɗe yana kallonsa. "Malam Sama'ilu, Allah ya ba shi lafiya. Maganar biki, a dakata tukuna."

Sai da ƙarar mashin ɗinsa ta yi nisa Najib ya ɗago, fuska a washe.

"Baba, na gano shi!"

Na ce masa madalla. Na tsaya ina tunanin wa zan fara gaya wa, shi ko uwarsa.