Minti Ashirin na Kawu

A masana'antar farin alli, injin tacewa yana can ƙarshen zaure, kusa da magudanar ruwa. Mai kula da shi wani dattijo ne da kowa ke kira Sannu-Sannu, har wasu sun manta yana da wani sunan. Shekara ashirin da shida ke nan suna tare, shi da injin.

Aikin ba wani boyayyen abu ba ne. Famfo ya turo alli da ruwa a dame, su shiga tsakanin faranti arba'in da aka lulluɓe da ƙyalle. Ruwa ya tsiyaye, alli ya tsaya ya daskare. Daskararren nan shi ma'aikata ke ce wa kek, ko da yake ban taɓa ganin wanda ya kai shi baki ba. Abin da ya jawo wa dattijon laƙabinsa shi ne, minti ashirin na farko ba ya buɗe bawul gaba ɗaya. Sai ya murɗa kaɗan, ya karkata kai, ya jira, ya ƙara murɗawa kaɗan.

Sabuwar injiniyar da aka ɗauka wata huɗu da suka wuce 'yar ƙanwarsa ce. A gida Kawu take ce masa. A wurin aiki kuwa gaisuwarta gajera ce, don ba ta so a ce da hanya ta shigo.

Ita Manaja ya sa ta gano abin da ya sa injin ba ya wuce zagaye biyar a yini. Ta ɗebi damammen alli a bokiti, ta kai ɗakin gwaji, ta tace shi a ƙaramar na'ura tana riƙe da agogo. Ta raba lokaci da yawan ruwan da ya fita, ta zana, layi ya fito miƙe sambal kamar a littafi. Daga nan lissafi ya ce mata in an ninka matsi, lokaci zai ragu kusan rabi. Sai ta rubuta, da hannunta, cewa jinkirin buɗe bawul ne ke cinye zagaye guda kowace rana.

Manaja bai ɓata lokaci ba. Ya ce daga farkon wata za a mayar da dattijon bakin sito ya riƙa ƙirga buhuna, a kawo mai zafin nama.

Da yamma uwarta ta ajiye mata abinci, ta zauna gefe tana ninke kaya.

"Shekara shida yana kai ki makaranta a bayan kekensa," in ji ta.

"Umma, lissafi bai san kawu ba."

"To, Allah ya ba lissafi haƙuri."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ba ta yi ƙarya a rahotonta ba, ta sani, amma ta ture kwanon gefe.

Ranar Laraba da safe Manaja ya sauko don ya ga sabon tsari da idonsa. Kawu ya goge hannu a jikin rigar aiki, ya matsa gefe.

"Bismillah, Injiniya. Injin naki ne."

Ta murɗa bawul har ƙarshe. Allurar agogon matsi ta yi tsalle, ruwa ya ɓarke daga bututu, Manaja ya yi murmushi. Sai dai ruwan fari ne kamar madara, alhali garai ya saba fita. Kafin minti goma ya koma zirara, kafin rabin awa ya koma ɗigo. Famfo na ta gurnani, allura na can sama, ruwa ya ce bai san zancen ba.

Da suka buɗe farantan, fuskar kek ɗin da ke jikin ƙyalle ta yi tauri kamar tayil, cikinsa kuwa taɓo ne tsamo-tsamo. Ya sulmiyo ya zube mata a kan takalma. Wani ma'aikaci ya juya baya yana tari, irin tarin da kowa ya san dariya ce. Kawu ya miƙa mata tiyon ruwa.

Manaja ya shafa haɓa. "Ina jin ƙyallen ne ya tsufa, ko?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Da ta ce e, da shi ke nan, laifi ya hau kan ƙyalle, ƙyalle kuma ba shi da baki. Amma ta san sati uku da suka wuce aka canza shi, kuma ta san wanda zai tafi sito in ta yi shiru.

"Ranka ya daɗe, ba ƙyalle ba ne. A ba ni kwana biyu."

Ta koma ɗakin gwaji da bokiti uku. Wannan karon ta tace a matsi kaɗan, ta tace a matsakaici, ta tace a mai ƙarfi. Nan ta ga inda ta yi tuntuɓe. A karon farko a matsi ɗaya tak ta gwada, ta ɗauka kek ɗin zai tsaya yadda yake ko an danne shi. Ashe allin nan mai laushi ne. Da an matsa masa da wuri sai ƙananan ƙwayoyin su cushe ramukan ƙyalle, kek ɗin ya danƙare, hanyar ruwa ta toshe. In kuwa aka fara a hankali, layin farko zai kwanta sakwa-sakwa, shi kansa ya zama matacin sauran. Ta sake lissafi sau uku don kada a yi biyu babu. Lokacin da ya kamata a ɗauka ana ƙara matsi ya fito minti goma sha tara.

Ta daɗe tana kallon lambar. Kunya ta kama ta sosai, da wani daɗi a ƙarƙashinta.

A ofis ta ajiye takardar a gaban Manaja, ta ce kuskuren nata ne, kuma ta lura ainihin jinkirin na wajen kwashe kek da wanke ƙyalle, inda mutum biyu ke aikin mutum uku. Manaja ya karanta, ya dube ta ta saman tabarau, ya ce wata biyu suka rage a tabbatar da ita a aiki, ta san da haka? Ta ce ta sani. Ya jawo takardar mayar da Kawu sito daga aljihun tebur ya yaga.

Ta sami Kawu yana goge farantai.

"Kawu, goma sha tara lissafi ya ba ni. Kai ashirin kake yi. Ina kake kai minti ɗayan?"

Ya yi dariya har ya dafa ƙarfe. Sannan ya waiga, ya ga babu kowa kusa, ya rage murya.

"'Yar nan, shekara biyu ke nan ba na ganin allurar can da kyau. Da kunne nake yi. In famfo ya canza murya sai in ƙara. Minti ɗayan na tabbatarwa ne."

Ta dubi agogon matsin, ga lambobi manya-manya, taku biyu daga inda yake tsaye. Ta tuna yadda yake karkata kai, ita kuma tana wucewa da fayil tana ganin sanyin jiki ne kawai.

"Umma ta sani?"

"Ke ce ta farko." Ya juya bokiti ya kife mata. "Zauna. Ɗauko biron nan naki. Kunnen ma ba na dindindin ba ne, gara a sa abin a takarda."

Ta zauna, ta buɗe sabon shafi. Kawu ya haɗa farantan, ya kunna famfo, ya ɗora hannu a kan bawul ya murɗa kaɗan.

"Kada ki rubuta tukuna," in ji shi. "Fara saurara."