An Ce Ta Tafi Kuru

Tun rana ba ta leƙo ta kan duwatsu ba Tabawa ta yi wanka, ta shirya kamar mai zuwa unguwa, sannan ta rasa abin yi. Ta zauna a bakin katifa, ta miƙe, ta kara kunne a jikin ƙofa, ta dawo ta zauna. A da buhunan gawayi ake jibgewa a ɗakin, har yanzu bangonsa yana baƙanta hannu. Nan ɗanta Badruddeen ya mayar da ita tun ranar da asibiti suka ce tarin fuka ke damunta.

Yau ce ranar da yarinyar asibiti ta ce za ta zo.

Mujidat sunanta, Bayarabiya haifaffiyar Jos, tana aikin wani bincike. Ranar karɓar magani ta zauna kusa da Tabawa a benci, da takunkumi a fuska amma ba ta matsa gefe ba. Ta yi mata bayanin cewa akwai wasu tambayoyi da aka juyo daga Turanci kan yadda masu wannan ciwo suke rayuwa, ana so a tabbatar Hausar ta fita yadda kowa zai gane. Za ta tambaye ta yanzu, bayan mako biyu kuma ta biyo ta gida ta sake, a ga ko amsa za ta zo ɗaya.

Ta tambayi barci, ta tambayi cin abinci da numfashi. Sannan ta ce, "Mama, tun da ciwon nan ya zo, mutanen gida suna gudunki? Ko kaɗan, wani lokaci, ko kullum?"

Badruddeen na tsaye a kansu riƙe da ledar magani. Tabawa ta dubi takalminsa, ta ce ko kaɗan. Mujidat ta so ta ji ko ta fahimci tambayar. Tabawa ta ce ta gane sarai.

Wannan amsa ce ta hana ta sakat. Ta shirya amsa ta gaskiya, ta bita a ranta har ta haddace: kwanonta daban, ana ajiye mata abinci a ƙasa a bakin ƙofa, an hana jikokinta ko leƙowa. Akwai ma wadda ta fi wannan. Magani ya ƙare, Badruddeen kuma ya ce ba zai sake kai ta karɓa ba, domin wani mai shan shayi a teburin da yake sayar da shayi ya gan su a ƙofar asibitin. Wannan tebur da ke unguwar Tina Junction, da awarar da matarsa Madina ke soyawa, su ne abincin gidan. Nas ta gaya musu wanda ya ɗan jima a kan magani ba ya sa wa kowa ciwon, wanda ya katse kuwa ciwon kan dawo masa da taurin kai. Badruddeen ya ce mutanen unguwa ba su san wannan karatu ba.

*

Da hantsi ta ji sallama. Ta gane muryar tun kafin Madina ta je ta taso mijinta, wanda bai daɗe da dawowa daga cinikin safe ba.

"Oga, sannu da hutawa," in ji Mujidat da Hausarta ta Jos. "Mama yana ciki? Na zo mu ƙarasa tambayoyin nan."

"Ta tafi Kuru wurin ƙanwarta."

Mujidat ta tambayi yaushe za ta dawo, ta nemi lambar waya, ta ce a asibiti an lura ba a zo karɓar magani ba. Ya ce a can za ta riƙa karɓa. Sannan ya rage murya ya roƙe ta kada ta sake zuwa da katin aiki rataye a wuya, ga mata can a bakin famfo suna kallo.

Hannun Tabawa na kan ƙofa. Ba a kulle take ba, turawa kawai za ta yi ta ce ga ni. Ta tura kaɗan har haske ya ratso. Sai ta hango ƙeyar ɗanta, da yadda ya tare hanya da jikinsa, yana murza yatsunsa a baya kamar yadda yake yi yana yaro idan ya yi laifi. Ta ji surutun matan famfo ya ɗauke. Kafin la'asar kowa zai san mai shayi ya ɓoye uwarsa a ɗakin gawayi, kuma zai san dalili.

A daidai nan tarin ya taso mata daga can ƙasan ƙirji.

Ta fizge ɗankwalinta ta cusa a baki, ta durƙusa ta kifa fuska a katifa. Jikinta na girgiza, hawaye na zuba, haƙarƙarinta kamar za su tsage. A waje Mujidat ba ta yi saurin tafiya ba. Tana cewa dole ta cire sunan Mama, domin wanda ba a samu sau biyu ba ba ya shiga lissafi.

"Ku gaishe shi," ta ce a ƙarshe, tana nufin Tabawa. "Don Allah ku ce kar ya bar magani."

*

An ɗan jima kafin inuwar Badruddeen ta tsaya a ƙasan ƙofar. Bai buɗe ba.

"Inna, kin ji baƙuwar?"

"Na ji."

Ya ba ta haƙuri. Ya ce idan magana ta lafa zai nemi wani asibitin mai nisa, inda ba a san su ba. Bai ce yaushe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta saurari takunsa har ya koma ɗaki.

Sai a lokacin ta ware ɗankwalin. Jini ne a tsakiyarsa, ja wur, wanda ba ta taɓa gani ba tun fara ciwon. Ta jawo buta ta zuba masa ruwa a kusurwar ɗaki, ta cuɗa a hankali don kada a ji. Ta matse, ta rataye shi a kan ƙusa a jikin bango, inda rana ba ta kaiwa. Igiyar shanya ta tsakar gida ta masu lafiya ce.