Sarkin Ƙwari ba ya cikin littafin

Yayata Uwani ta ƙi yarda a yi mata aikin ido, kuma duk wanda ya san Uwani ya san in ta ce a'a, gara ka je ka lallashi turmi. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu a hankali, har ta kai sai da murya take gane jikokinta. Likita ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi, amma in aka ci gaba da jan ƙafa zai yi wuya. Ita kuwa wata maƙwabciyarta a Tajaye ta riga ta gaya mata wai ƙwaƙule idon ake yi a ɗora a faranti a wanke, wani lokaci ma a mayar da na hagu a dama. Na ajiye kamyon siminti da nake tuƙawa a Malbaza na je na yi faɗa, na yi lallashi, na sake yin faɗa, don shi na fi iyawa. Tsoro nake ji ƙwarai kada matar da ta goya ni ta ƙare rayuwarta tana laluben bango.

Da ta gaji da surutuna sai ta ce to ta ji, za ta je, amma sai ranar da na kawo mata ƙarshen labarin Chindo Mai Raƙumin Hadari. Ta faɗa tana murmushi, don ta tabbata ba zan samo ba.

Bari in gaya muku ko wane ne Chindo. Muna yara a Konni, Innarmu ƙosai take soyawa a bakin tasha, kuma tsofaffin takardun da take naɗe wa mutane ƙosai daga tsallaken iyaka ake kawo mata su, ɗauri-ɗauri. A cikinsu ne Uwani, wadda ta ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ta iya haɗa baƙaƙe, ta tsinci shafuffukan wasu littattafan Hausa da aka yayyaga. Labarin wani yaro ne makiyayi mai raƙumin da ke tafiya a kan gajimare. Sai ta riƙa sace shafin da ta gani kafin mai ya taɓa shi, ta ɗinke da zaren buhu, in an sauko daga tasha da hantsi ta zaunar da mu a gindin itacen bedi ta karanta mana. Doka ɗaya ce: ba a leƙa mata takarda. Wanda ya leƙa ya sha ranƙwashi, ni kuwa kaina ya fi na kowa sanin hannunta.

Abin da ya fi kama mu a labarin shi ne abokin gabar Chindo, Sarkin Ƙwari. Wannan kam hotonsa ta nuna mana sau ɗaya: ya cika shafi guda, ƙafafu shida, baki kamar lauje. Shi ne ke shiga rumbunan mutane da rundunarsa ya huda kowace ƙwaya. Takobi ba ya kama shi, sai toka da barkono. Mun tsaya ne daidai inda Chindo ya yaudare shi ya shiga tulu, yana neman laka ya toshe bakin. Washegari Inna ta naɗe wa wani direba ƙosai da sauran shafuffukan, ya tafi da ƙarshen labarinmu Agadas ko Damagaram, Allah kaɗai ya sani. Na yi kuka har Inna ta ba ni ƙosan da ya ƙone in yi shiru.

To ni ma ɗan Inna ne, taurin kan ba Uwani kaɗai ta gada ba. Na je wurin Bala, wani mai baza littattafai a kasuwar Konni, na kwatanta masa. Ya ce an daɗe da daina buga su, amma zai sa a duba masa a Sakkwato. Na dinga zarya har masu kabu-kabu na bakin kasuwa suka fara tambayata ko mata nake nema a layin. Ranar da ya miƙo mini su, cikakku, bangonsu ya koɗe amma ba shafin da ya ɓace, wallahi sai da na rungume su kamar yaro. Ni da furfura a gemu!

A layin lodi na karanta su, zaune cikin kamyo a ƙofar masana'anta, ƙurar siminti na sauka kan takarda ina hurewa. Tun a littafi na farko raina ya fara ɓaci. Ashe Chindon nan ragon yaro ne, ko kare ya yi haushi sai ya kira raƙumi. Raƙumin ma surutu ne da shi kamar mai tallan maganin basir. Na ce bari dai, in Sarkin Ƙwari ya fito komai zai gyaru. Na gama na biyu, na shiga na uku, na kai bangon ƙarshe. Babu shi. Ko ƙuda babu a littafin nan, balle sarki. Ƙarshen ma wai Chindo ya sami akwatin zinariya ya gina gidan sama, raƙumin ya koma gajimare, shi ke nan. Layi ya matsa ban sani ba, direban da ke bayana ya yi ta danna oda, na leƙo na wanke shi tas, alhali shi ke da gaskiya.

Na koma kasuwa da niyyar in ci wa Bala mutunci, in ce jabu ya sayar mini. Kafin in isa rumfarsa sai na tsaya cak a gaban mai sayar da iri da maganin feshi. Ga Sarkin Ƙwari manne a jikin kwanon rumfarsa, ƙafafu shida, baki kamar lauje, yana kallona. A ƙasa an rubuta yadda ake adana wake. Na tambayi mutumin, ya ce ai ƙwaron wake ne aka zana shi da girma don a gane shi, irin takardun da malaman gona ke rabawa tun zamanin iyayenmu: a shanya, a gauraya da toka, a zuba a tulu, a toshe da laka. Kenan takardar malaman gona ce ta faɗo cikin ɗaurin Inna, Uwani ta ɗinke ta a tsakiyar Chindo. Shekara da shekaru ina mafarkin dodo, ashe abin da nake tsincewa a cikin shinkafa da wake ne ina jefarwa. Na yi dariya har mai iri ya matsar da kayansa.

Dariyar ba ta raka ni Tajaye ba. A hanya na yi ta saƙawa: in ƙirƙiro mata ƙarshe, ko in karanta abin da ke rubuce? Ni ban iya ƙirƙira ba, ko ƙaryar da zan yi wa jandarma a hanya sai ta tone kafin in rufe baki. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, na ɗora mata littattafan a cinya. Ta shafa su, ta sunsuna. Daga nan ta sa aka kira jikoki, ta ce in fara daga inda muka tsaya.

Na karanta yadda yake. Ban yi nisa ba ta fara gyara zama. Da na zo kan akwatin zinariya sai ta ɗaga hannu.

"Tijjani, ina tulun?"

"Yaya, babu tulu."

"Tsallake kake yi. Tun kana yaro haka kake, ko sharar gida tsakiya kawai kake yi."

Na rantse mata, na ba ta labarin rumfar mai iri da hoton da na gani. Jikoki suka fashe da dariya, ita ko gezau. Ta ce karatun direba ne da ni, wanda bai wuce allon bakin hanya ba, ta ce kuma ba za ta zauna wani ƙato ya lalata mata labari a gaban jikokinta ba. Raina ya tashi, na ce to ga littafi ga ta, in ta isa ta karanta da kanta. Maganar tana fita na yi da-na-sani, don ban taɓa goranta mata idonta ba.

Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta ce wa babbar jikarta ta ɗauko mata mayafi da takalmi.

"Kai ni su wanke idon," in ji ta. "Ko a faranti ne."

A hanya ta riƙe hannuna gam, tafin hannunta sanyi ƙalau, tana ta zagin tuƙin mai motar hayar da muka shiga don kada in gane tsoro take ji. Na gane, na yi kamar ban gane ba. Aka yi ido ɗaya, aka ce ɗayan sai ya biyo baya. Da aka kwance mata bandejin ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mata.

Da idon ya warware aka ba ta tabarau, na koma Tajaye da hantsi, ina fargaba, don yau kam za ta gani da kanta. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, jikoki suka kewaye ta, ni ma na raɓa a gefe. Ta buɗe littafi na ƙarshe, ta ɗora yatsa a kan layi, ta gyara murya. Sai ga Chindo ya kwaɓa laka da fitsarin raƙumi ya toshe bakin tulu. Sai ga Sarkin Ƙwari yana roƙo daga ciki, yana alkawarin ba zai ƙara taɓa waken marayu ba. Chindo ya ƙi, ya ɗora tulun a kan raƙumi suka hau can sama, ya ajiye shi a bayan gajimare, kuma wai ƙarar da muke ji da damina shi ne yake buga tulu yana neman fita. Yatsanta na bin layi ɗaya bayan ɗaya, har tana tsayawa kamar wata kalma ta yi mata wuya. Yaran ko motsi ba sa yi. Ni kuwa da na san abin da ke shafin nan, akwatin zinariya ne da gidan sama, sai na ji hawaye na zubo mini, na farin ciki, ban ma ɓoye ba.

Na ɗan miƙa wuya in ga inda yatsan yake. Ban ankara ba na ji ranƙwashi a tsakiyar kai, daidai wurin da aka saba.

"Na hana ka leƙe," in ji Uwani, ta juya shafi.