Takardar da Maiwada Ya Rubuta

Lado direba ne a wani gida a unguwar Nasiriya ta birnin Riyadh, ɗan Katolika daga karkarar Malumfashi. Shekara bakwai ke nan da ya sha burkutu ya karya wa matarsa Rifkatu hannu, ta kwashe yara ta koma gidan ubanta. Ya je ya faɗa wa Fada zunubinsa a durƙushe. Fada ya ce Allah ya yafe, amma aure yana nan, sai mutuwa za ta raba. Daga nan Lado ya bar giya, ya kuma ɗora wa kansa barin nama duk Juma'a.

To a Riyadh Juma'a ce ranar hutu. In an sauko daga masallaci, abokan ɗakinsa a unguwar Utaiƙa sukan kewaye tiren kabsa, shinkafa da naman rago, shi kuwa ya ja gefe da gurasa da shayi. Maiwada birkila, wanda ya fi kowa sonsa, shi ya fi kowa tsokanarsa. Ya ce bai taɓa ganin gwauro mai mata ba sai Lado. Ya ce matar da ba ta ɗaukar waya shekara bakwai, layi ɗaya na saki a takarda ya isa kowa ya huta. Lado ya ce su 'yan Katolika ba su da wannan layin.

Wata Juma'a ana cikin ci, Maiwada ya faɗa yana murmushi cewa ya gama masa aikin. Ya ciro lambar Rifkatu daga wayar Lado, ya rubuta saki da sunansa, ya ɗauki hoto ya tura mata tun da safe. A zatonsa taimako ya yi.

Lado ya ajiye kofi. Ya cusa hannun da ya yi ɓarna a da cikin aljihu, ya dubi Maiwada.

"Kai ka ɗaura, da za ka kwance?"

Ghali, babbansu a ɗakin, ya ce a yi haƙuri, abin ya riga ya tafi. Lado ya ce babu abin da ya tafi. A gabansu ya danna waya ya yi saƙon murya, bai rage sauti ba.

"Maman Bulus, ni ne. Takardar nan ba tawa ba ce. Ban sake ki ba, ba ni ma da ikon haka. Ki dawo ko kada ki dawo, ni mijinki ne har a binne ni."

Babu wanda ya ƙara taɓa tiren. Maiwada ya yi ta kallon yatsunsa.

Dab da la'asar wayar ta yi ƙara. Muryarta ce, ta ɗan dushe fiye da yadda ya santa.

"Na sani. Yaushe ka iya rubutu? Amma ban ce na dawo ba. Bulus yana son magana da kai ran Lahadi."